Salati Bakwai a Bakin Murhu

Gidanmu gidan fawa ne, amma a cikin mahautan Talata Mafara mu an fi saninmu da banda. Wasu su yanka su sayar da ɗanye, wasu su yi tsire da balangu, shi kuwa mahaifina sai ya yanka nama manya-manya, ya shafe shi da gishiri, ya jera a kan raga bisa wani murhun laka da ya gina da hannunsa, zafi da hayaƙi su yi ta ratsa shi har ya bushe ya yi ja. Naman da ya sauka daga wannan murhu yakan yi wata biyu a buhun fatake bai yi tsutsa ba. Ranar Talata in kasuwa ta ci, masu kai shi kudu ko ɗanɗanawa ba sa yi, sai dai su tambaya ko na tsoho ne, wato mahaifina.

Ba shi da ma'aunin zafi sai hannunsa. Akwai wata kafa a gefen murhun, nan yake zura hannun dama har gwiwa, ya soma salati a hankali. In ya kai bakwai zafi ya tilasta masa janyewa, to wuta ta yi daidai. In a na huɗu ya janye, ta yi yawa, a zare itace. In ya kai goma hannu bai gaya masa komai ba, a ƙara. A wurin ubansa ya gaji wannan, kuma ban taɓa jin wani ya ce ma'aunin ya yi ƙarya ba.

Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ya faɗin sunana, ba ya zama inda nake zaune, ba ya ɗaga ido ya dube ni. Ana yaye ni aka kai ni Damri wurin kakata ta wajen uwa, sai da na yi wayo sosai na dawo. Tsakanina da shi gaisuwa ce: in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga. In yana da magana da ni, ƙaninsa yake faɗa wa, wanda muke kira Baffa, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Sai ka ji ya ce, "Ka ce ma mutumin naka shi kawo wuƙa." Baffa ya juyo ya maimaita mini kamar ni kurma ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa haka ya taras ana yi. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana cina, don ina ganin yadda yake wasa da ƙannena har su hau bayansa.

Da aka fara aikin dam na Bakolori, samarin garinmu suka yi ca a kan aikin kamfani, ni ma na ajiye wuƙa na bi. Na faɗa hannun masu aikin wutar lantarki, daga riƙe tsani har na iya haɗa waya da gyaran injin. A shekarar da nake ba da labari ina da shekara wajen ashirin da biyar, ina da ɗaki a unguwar ma'aikata a bayan gari, inda janareto ke ba mu wuta dare da rana. Baffa ya sa mini suna mahaucin waya. Mahaifina bai ce komai ba, kuma shirunsa ya fi mini tsiyar Baffa ciwo.

Shekarun nan sun birkita komai. Mutanen ƙauyukan Maradun da ruwa zai ci gonakinsu da makiyayarsu suka riƙa koro shanu kara, suna sayarwa idanunsu jawur, don ba su san inda za a zaunar da su ba balle dabba. Nama ya yi yawa har ya fi ƙarfin masu cin ɗanye, lokacin da ya kamata mai banda ya yi suna ke nan. Ta ɗaya gefen kuma katafila ta bi fadama tana tuge itatuwa saboda gonakin noman rani, ƙirya da marke da mahaifina ya saba kyafa nama da su suka yi wuyar samu. Sai kuma bandarsa ta soma lalacewa. Yau ta ƙone ta yi ɗaci, gobe waje ya yi baƙi ciki da ruwa. Wata Talata wani bafatake da ya daɗe yana saye a wurinmu ya dawo da buhu guda, ya kwance bakinsa a gaban mutane, wari ya tashi. Ya yi maganarsa da ladabi, ya ce in na gaba ya zo haka zai nemi wani wuri, kuma ba shi kaɗai ba. Duk gida muka ɗora laifin a kan itace, har da ni. Mutum ya shekara arba'in ana sayen abinsa ba a ɗanɗanawa, ga shi ana shirin mayar da shi abin nuni a kasuwar garinsu.

Ana cikin haka na ga akwatin. Yana jingine a bola bayan kicin ɗin manyan ma'aikata, na ƙarfe, tsawonsa ya kawo mini ƙirji, kamar ƙaramin firij. Na buɗe na ga raga hawa huɗu, a ƙasa ga lanƙwasasshen ƙarfe irin na hita, a kansa ga wani ɗan faranti da ya yi baƙi. Kukun wurin, wani dattijo da ya daɗe yana dafa wa Turawa abinci, ya ce ai murhun banda ne na lantarki. Ƙarfen ya yi ja, ya ɗumama akwatin, ya kuma turara ɓarɓashin itacen da aka zuba a farantin. Tafin hannu biyu na itace ya isa yini. An jefar da shi ne don abin da ke daidaita zafinsa ya mutu, in an kunna ba ya tsayawa sai ya babbake komai. Ya ce lokacin da yake da lafiya a kan zafi digiri tamanin suke barinsa. Na roƙi mai kula da sito ya bar mini, na ɗora shi a baro na tura har ɗakina.

Na kwance bayan akwatin na sami abin da ya mutu, wani ɗan faifai ne da tsatsa ta manne. Irinsa babu ko a Gusau, don haka na daina tunanin gyara shi. A tarkacen ɗakin da ake gwajin ƙasa da siminti akwai wani ɗan akwati ruwan toka da aka cire daga tandar busar da ƙasa. Yana da fuska kamar ta agogo da allura ɗaya, da mamurɗi, da doguwar waya mai tsinken ƙarfe a baki. Tsinken ne ke jin zafi, allura ta nuna, in ta kai inda aka murɗa sai ka ji ƙwas, ya yanke wuta, in ya huce ya mayar. Na datse wayoyi biyu na tsohon faifan na haɗe su kai tsaye, na naɗe da salatif, na ɗauke wutar ƙarfen nan na hita na bi da ita ta cikin ɗan akwatin, na sa fis a tsakani. Na huda gefen babban akwatin na zura tsinken, na toshe ramin da yumɓu. Da farko na sa shi kusa da ƙarfen, sai ya riƙa yankewa tun sama ba ta yi ɗumi ba, na sake huda wani rami daidai raga ta tsakiya.

Akwai abu ɗaya da na yi wanda daga baya ya hana ni samun mafaka. Na tafasa ruwa a tukunya na tsoma tsinken, allura ta tsaya cak a kan ɗari, kamar yadda oganmu na wurin aiki ya koya mana. Na maimaita sau uku. Na san allurar nan ba ta ƙarya.

Na kira Baffa ya gani. Ya zagaya akwatin yana taɓe baki, ya ci naman da na gwada, ya ƙara wani. Sa'an nan ya ce, "Wanga abu ya yi, amma Yaya ba ya yarda da lissahin kukun Turawa. In kana so shi karɓa, bari shi auna da hannunai, shi ce nan ne, kai kuma ka yi alama nan. Sai abin shi zama nashi." Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda Baffa ya zata. Ni ba naman ne kaɗai a raina ba. So nake mahaifina ya sa hannu a cikin abin da na haɗa, ya ce ya yi. Na yanka kafa a gefen akwatin daidai shigar hannu, irin ta murhunsa, na yi mata marfin gwangwani. Sati biyu Baffa ya yi yana lallashi kafin tsoho ya yarda.

Ranar Laraba suka zo, da hantsi. Na fitar da akwatin inuwar bayan ɗaki, na shimfiɗa tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban akwatin. Na zuba ɓarɓashin ƙirya a faranti, na murɗa mamurɗin har ƙarshe don kada ya yanke wuta kafin tsoho ya ce ta yi, na kunna. Na tsuguna a gefen hagu wurin allura da ƙusa a hannu, wadda zan yi alama da ita. Shi yana gefen dama wurin kafa, akwatin na tsakaninmu. Baffa ya zauna a tsakiya yana zuba surutu, wai in abin ya yi sai a naɗa janareto sarkin fawa. Allura na kan arba'in tsoho ya zura hannu, ya yi salati goma, ya zare. Ya ce wa Baffa, "Da saura." A sittin ma haka.

Sai ga wani mahauci a kan keke yana haki, wai bijimin da Baffa ya saya jiya ya tsinke igiya ya shiga gonar mutane. Baffa ya miƙe yana salati, ya ce, "Ku ci gaba, ba ni daɗewa." Kafin in buɗe baki ya haye bayan keken sun tafi. Tun da aka haife ni ban taɓa zama ni da mahaifina mu biyu ba sai ranar.

Allura ta hau tamanin. Na ji ya ɗaga marfin kafa, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Ina ƙirgawa a zuciyata, ƙusa a shirye. Biyar, shida, bakwai. Bai janye ba. Ya kai goma, ya zare hannu, ya ce wa akwatin, "Da saura." Na ce a raina to, wataƙila bandarmu ta fi ta Turawa son wuta. A ɗari ya sake, ya kai goma. Zafin da ke tafasa ruwa ke nan, ni da idona na gani. Na taɓa jikin akwatin ta gefena da ɗan yatsa, na janye da sauri.

Na sha tambayar kaina me ya riƙe mini baki. Kalma uku ce, Baba ya isa. Amma ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba, ban san da wace murya ake yi ba. Kuma me zan ce? In ce masa hannun da garin nan ya yarda da shi shekara arba'in ƙarya yake yi, ɗan tsinken da na tsinto a bola shi ke da gaskiya? Ni da na bar sana'ar gida? Na riƙa duban hanya ko Baffa zai ɓullo, in faɗa masa ya faɗa masa. Kuma akwai wani abu a ƙasan wannan duka da nake jin kunyar rubutawa. Ina tsoron in na yi magana ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, ban ji ya ce ya yi ba.

Ɗari da ashirin, da saura. Ɗari da hamsin. Fentin saman akwatin ya soma wari. Ya ɗaga marfi ya zura hannu, wannan karon da alama ya ƙosa, don ya tura shi can ciki ya ɗora a kan raga. Muryarsa ba ta canza ba, a natse take kamar yana lazimi bayan sallar asuba. A na huɗu na ji ƙaurin gashi. A na shida na ji wani ƙaurin, wanda duk ɗan mahauci ya sani tun yana goye. Ko a lokacin ban yi magana ba. Na miƙa hannu na fizge waya daga soket.

Jin na fizge wayar ya sa ya zare hannun. Na zagayo. Sawun raga ya kwanta masa layi-layi daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fata ta yi fari ta kwaɓe, wata ma ta zauna a kan ƙarfen. Bai yi ƙara ba, ko tsaki bai yi ba. Ya ɗaga hannun yana jujjuya shi yana dubawa, kamar yadda yake duba cinyar bijimi a kasuwa kafin ya saya. Ya sa ɗan yatsan hagu ya danna wurin, ya sake dannawa da ƙarfi. A nan na ga tsoro a fuskar mahaifina, kuma ranar ce na fara kallon fuskarsa sosai. Na kawo ruwan randa ina zuba masa. Haka Baffa ya dawo ya same mu.

A asibiti ma'aikacin da ya wanke ciwon ya soka masa allura a yatsu da tafin ƙafa, yana tambaya ko ya ji. Bai ji ba. Aka gwada fitsari, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa, kuma yakan kashe ji a hannu da ƙafa a hankali. Ashe itace bai yi mana laifin komai ba. Tsoho yana ta ƙara wuta ne yana jiran hannu ya gaya masa abin da ba zai ƙara gaya masa ba.

Muna zaune a kan benci a waje, hannunsa naɗe da bandeji, sai ya ce wa Baffa, "Tambayi mutumin naka. Allurar akwatin nashi, tun yaushe taw wuce inda ya kamata?"

Baffa ya juyo, amma bai maimaita ba. Na ce, "Tun hitar Baffa."

Tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "To."

Baffa ne ya yi mini faɗan da ya kamata, bayan mun kai shi gida. Ya ja ni bayan zaure ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Bakinka ɗunke shike? Kunya da anka ce, ta ranar lahiya ce! Ubanka na cin wuta kana tsugune kana kallon agogo?" Da ya gaji ya zauna a kan turmi ya rufe fuska, ya ce laifinsa ne da ya bi bijimi ya bar mu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwatin ya yi aiki. Na mayar da mamurɗi kan tamanin ɗin kuku, ban yi wata alama ba. Ƙannena su yanka su sa gishiri a gida, a kawo ɗakina, in jera in kunna in tafi aiki, in dawo in tarar yana ƙwas, ƙwas, shi kaɗai. Nama ya riƙa fita ja, busasshe har ciki. Na ƙera na biyu da ganga. Ranar Talata tsoho ya zauna a bayan buhunan nama kamar da, fatake suna cewa hannun tsoho ya dawo, shi kuma ya ce Allah ne. Bafataken nan da ya dawo da buhu har goro ya kawo na ban haƙuri. Sunan gidanmu ya tsira, abin da na nema ke nan. Amma mahaifina bai ƙara zuwa inda akwatin yake ba, kuma inna ta gaya mini ko sau ɗaya bai sa naman a bakinsa ba. Da damina ta zo murhun laka ya zube, bai ce a tayar ba.

Na yi ta shirya maganar da zan yi masa. Nakan tsara ta a hanya in zan je gaisuwa, in durƙusa, ya amsa, sai in ji ta maƙale. Na ce bari sai ciwon ya warke, ya warke. Na ce bari sai bayan salla. Damina biyu ya ƙara, ya kwanta kwana tara, ya rasu wata Alhamis da azahar.

Baffa ne ya yi masa wanka, ya ce ni zan zuba ruwa. Da aka yaye mayafi na ga jikin da ban taɓa gani ba. Ƙwaurinsa duka biyu tabon ƙuna ne, wani kan wani, wasu sun tsufa sun yi sheƙi. Akwai a gwiwa, akwai a tafin ƙafa inda ya taka garwashi bai sani ba, akwai a cikin hannun hagu. Baffa ya tsaya da soso a hannu yana kallo. Ya yi magana a hankali don kada na waje su ji, ya ce, "Ka gani? Ya daɗe shina ƙonewa, tun kahin akwatinka. Ka sauke abin ga daga ranka."

Na san don ya sanyaya mini zuciya ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Na ci gaba da zuba ruwa har muka iso hannun dama, inda sawun raga yake kwance layi-layi. Duk sauran shi kaɗai ya ƙone, a bayan gida, ba wanda ya sani balle ya hana. Wannan ɗaya ne aka yi da mutum a wurin, yana gani, kuma ɗansa ne. Baffa ya ce in zuba, na zuba.